Wa Zai Ce Ɗan Koyo Ya Isa Hawa Titi?

A Najeriya samun lasisin tuƙi ya fi koyon tuƙi sauƙi. Duk wanda ya taɓa bin layin neman lasisi ya san haka, ko da bai faɗa ba. Akwai mutanen da katinsu ya fito da hotonsu da zanen yatsunsu, lambarsu tana cikin kwamfutar hukuma, amma babu jami'in da ya taɓa zama kusa da su a mota ya ce su ja a gani. Ba lasisin bogi nake nufi ba. Katin na gaskiya ne, hannun da ke riƙe da shi ne ba a gwada ba. Shi ya sa tambayar da ɗan koyo yake yi wa kansa, ko ya isa ya je gwaji ko da saura, take da wani nauyi na daban a wurinmu. A ƙasar da gwaji yake gwaji, in ka yi gaggawa jami'i ne zai kayar da kai, ka yi asarar kuɗin rajista, ka koma ka ƙara koyo. A nan in ka yi gaggawa, da wuya a samu mai tare ka kafin ka kai kan kwalta.

A takarda tsarin ba shi da laifi. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, a 1988 zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko, kuma dokar da take aiki da ita yanzu ta 2007 ce. A 2011 aka fito da sabon lasisi mai ɗaukar hoto da zanen yatsu. Mai neman lasisi karon farko dole ya kai shekara 18, ya karɓi takardar izinin koyo, ya manna jar alamar L a gaba da bayan mota, ya shiga makarantar tuƙin da hukumar ta amince da ita. Makarantar za ta rubuta masa darasi 26 a shafin hukumar na intanet kafin takardar shaidarsa ta fita. Da wannan shaida zai je gaban jami'an duba motoci, VIO, na jiharsa su gwada shi, ya biya kuɗi ta hannun hukumar tara haraji ta jiha, a ɗauki hotonsa, daga baya lasisin na shekara uku ko biyar ya fito. Hukumomi uku ke nan a kan kati ɗaya. In kowace ta tsaya a kan aikinta, wanda bai iya ba ba shi da ta inda zai ɓulla.

Inda gizo ke saƙa shi ne yadda ake biyan kuɗin makaranta. Galibin makarantun tuƙi a garuruwanmu ba kuɗin awa suke karɓa ba. Kuɗi dunƙule ake biya tun ranar farko, na mako biyu, ko uku, ko wata guda, wani lokaci har da kuɗin lasisin a ciki. Da zarar kuɗin sun shiga, duk wani fita da za a yi da kai ragi ne daga ribar mai makaranta: ga mai, ga kulocin da 'yan koyo ke ƙonawa, ga sallamar malami. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin lita ya ninka har fiye da sau uku, wannan lissafi ya ƙara tsanani. Darasin da ake yi awa guda ya koma minti ashirin. Motar da ke ɗaukar ɗalibi ɗaya ta koma ɗaukar huɗu, kowa ya ɗan taɓa sitiyari ya koma baya. Saboda haka in malami ya dubi ɗalibi bayan kwana goma ya ce, "Ai Alhaji hannunka ya faɗa, sai dai lasisi," mai yiwuwa gaskiya ya faɗa, mai yiwuwa kuma kujerar yake so a ba wani. Ɗalibin ba shi da yadda zai bambance, domin abin da yake son ji ke nan. Hukumar FRSC ta sha dakatar da makarantun da aka kama suna rubuta wa mutane darussan da ba su halarta ba, wato suna sayar da takardar shaida. Wannan ya nuna matsalar ba a ɓoye take ba.

Kafin makarantun tuƙi su yawaita, tasha ce makarantar. Yawancin tsofaffin direbobin da suka yi suna a hanyar Kano zuwa Legas ko Maiduguri zuwa Jos daga karen mota suka fara. Yaro zai shekara yana wankin mota, yana sa wejin taya a kan hawa, yana ɗaure lodi, yana kwance taya yana kai faci, yana kwana a ƙarƙashin mota in ta lalace a daji. Bai taɓa sitiyari ba, amma kunnensa ya san kukan inji mai lafiya da mara lafiya, idonsa ya ga yadda ubangidansa yake shiga kwana da kaya, da inda yake rage giya tun kafin gangara irin ta Hawan Kibo. Sai wata rana a ce ya gyara wa mota tsayuwa a cikin tasha. Bayan watanni a ba shi ya ja ta ba kaya. Kafin a damƙa masa fasinja ya ga hanya a rani da damina, dare da rana. Ba ina yabon tsarin ba ne gaba ɗaya. Akwai duka da zagi a ciki, akwai bautar da yaro ba ranar yaye, kuma duk wata mummunar ɗabi'ar ubangida, gudun wuce sa'a ne ko shan ƙwaya don hana barci, yaron yana gadonta tare da gwanintar. Da yawansu ba su san ma'anar rabin alamomin da ke gefen titi ba. Amma tsarin ya riƙe abu ɗaya da muka yar: mutumin da zai ce ka isa, motarsa ce zai ba ka, kuma in ka kifar da ita shi zai yi asara. Saboda haka ba ya gaggawar faɗa. Malamin makarantar tuƙi na yau, in ka fita ka take wani a Kabuga, ba abin da zai shafe shi. Ƙila ma ya manta sunanka.

In aka ce mugun malamin tuƙi, wanda ke zuwa zuciyar mutane shi ne mai tsawa. Yana nan kam, kuma ɓarnarsa ba kaɗan ba ce. Ɗan koyon da aka daka wa tsawa lokacin da mota ta mutu masa a tsakiyar shataletale, direbobi suna ta danna masa ham ta baya, ba darasin sakin kuloci yake ɗauka ba. Abin da yake koya shi ne kallon fuskar malami maimakon kallon titi. Mutum a firgice idonsa yana tsukewa a kan abu ɗaya, ƙafarsa tana sandarewa, kuma a irin wannan hali ne ake taka totur a zaton birki. Akwai kuma malamin da wayarsa ba ta barin kunnensa, da wanda ya mai da darasi hanyar biyan buƙatarsa, yau a tsaya kasuwa ya yi cefane, gobe a bi a ɗauko 'ya'yansa daga makaranta, ɗalibi yana zaune yana jira da lokacin da ya saya da kuɗinsa. Duk waɗannan laifinsu a fili yake, ɗalibi ma ya san ana cutarsa.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mai daɗin baki, wanda yake tuƙa motar da bakinsa. "Taka kuloci. Sa giya biyu. Saki a hankali. Ba da sigina. Karya. Taka birki." Daga fita har dawowa haka yake yi, kuma in motar mai birki biyu ce, ƙafarsa tana aiki a gefensa ba tare da ya faɗa ba. Ɗalibin zai koma gida cike da farin ciki: yau ya zaga Zoo Road har Ƙofar Nasarawa, mota ba ta mutu ko sau ɗaya ba. Gaskiyar magana kuwa shi ne hannu da ƙafa kawai ya ba da aro. Duk shawarar da aka yanke a tafiyar nan, yaushe za a shiga, yaushe za a jira, wane ne zai iya faɗowa daga gefe, malamin ne ya yanke ta. Tuƙi kuwa shawarar ce. Juya sitiyari da canja giya, yaro ɗan shekara goma sha biyu zai iya koya a filin ƙwallo cikin yini biyu, kuma da yawa sun koya. Abin da ke ɗaukar lokaci shi ne ido ya koyi hango abin da bai faru ba tukuna: ɗan Adaidaita Sahun da ya ɗan karkata kai gefe, alamar ya ga fasinja kuma zai tsaya ba sigina, ƙwallon da ta gangaro titi wadda yaro ke biye da ita, ƙafafun da ake gani ta ƙarƙashin motar da ke tsaye a bakin hanya. Malamin da bai taɓa yin shiru ya bar ɗalibi ya gano waɗannan da kansa ba, bai koya masa tuƙi ba, komai kirkinsa.

Ga mata abin ya ninka. A yau a Kano da Kaduna da Katsina mata masu koyon mota suna da yawa, ma'aikata da 'yan kasuwa da uwayen da ke kai yara makaranta, amma malamai mata ba su kai ko kusa da buƙata ba. Mace za ta zauna a mota ita da namijin da ba muharraminta ba, a filin da ke bayan gari. Wasu malaman suna kiyaye mutuncinsu. Wasu kuwa sai ka ji ana yawan kama hannu da sunan gyara riƙon sitiyari, ko a fara kiran waya da dare da sunan tambayar ko Hajiya za ta fito gobe. Babu wani darasin tuƙi da ke buƙatar malami ya taɓa jikin ɗalibi. In haɗari ya taso sitiyarin zai kama, ba hannun ba. Matar da ta ga haka kada ta tsaya neman hujja ko tunanin ko ita ce ta fassara abin ba daidai ba. Ta daina zuwa, ta faɗa wa mai makaranta dalili, ta faɗa wa wanda ya biya kuɗin. Tun farko ma hakkinta ne ta zo da ƙaninta ko ƙawarta su zauna a baya, kuma makarantar da ta hana hakan ta ba da amsar duk wata tambaya da za a yi a kanta. Sai kuma wani nau'in raini da ba a cika magana a kansa ba: malamin da ya riga ya yanke a ransa cewa mata ba sa iya mota, saboda haka ba ya wahalar da kansa, zagayen fili kawai yake sa ta, ya ce ai otomatik Alhaji zai saya mata.

To me ya sa mutane ba sa barin irin waɗannan malamai? Kuɗin da aka riga aka biya yana ciki, amma ina ganin kunya ta fi kuɗin ƙarfi. An tarbiyyantar da mu a kan cewa malami ba a ja da shi. Wanda ya koya maka abu ya zama uba, ba ka ɗaga masa ido, balle ka ce aikinsa bai yi ba. Tarbiyya ce mai kyau a muhallinta. Amma mutumin da ka biya ya koya maka mota cikin mako uku ciniki ne tsakaninku, kamar yadda yake tsakaninka da tela ko magini, kuma girmama shi bai hana ka nemi abin da ka biya ba. Ƙari a kan haka, sau da yawa wani ɗan'uwa ne ya haɗa ku, ko maƙwabci ne, ko kuna sallah a masallaci ɗaya. Sai mutum ya gwammace ya ƙarasa kwanakin a haka, ya karɓi takarda, ya ce sauran zai koya a kan hanya. Wannan "sauran" a kan jikin mutane ake koyonsa.

Ba sai an yi faɗa ba. Hausa tana da hanyar faɗar magana mai nauyi ba tare da an zubar wa kowa da girma ba. Ɗalibi zai iya cewa, "Malam, don Allah ina da roƙo. In ka ɗaga murya kaina ɗaurewa yake yi. In na yi kuskure, mu samu wuri mu tsaya ka yi mini bayani." Ko ya ce, "Oga, gobe ina so ka bar ni in ja ba ka ce komai ba, sai in ka ga za a yi ɓarna." Yadda ya karɓi wannan roƙo shi zai nuna maka ko wane ne. Malamin kirki zai ji daɗi, don ya ga ɗalibin da ya damu. Wanda ya ce, "Kai za ka koya mini aikina? Shekara ashirin ina tuƙi," ya faɗi gaskiya a kan tuƙinsa, amma iya tuƙi daban, iya koyar da shi daban, kuma gwanaye da yawa ba su san yadda suke yin abin da suke yi ba balle su bayyana wa wani. In magana ba ta yi ba, sai a je wurin mai makaranta a nemi a canja malami, a kuma nemi ganin adadin darussan da aka rubuta. In aka ga an rubuta ashirin alhali takwas aka yi, to ba malamin kaɗai ba ne matsalar, kuma wannan magana ce da ofishin FRSC na jiha yake da hurumin ji. In duk ya faskara, a bar musu kuɗin. Ragowar kuɗin makarantar tuƙi bai kai kuɗin fitilar gaba ɗaya da bamba na motar zamani ba, balle kuɗin ɗorin ƙafar ɗan mutane.

Sai dai a yi wa malamai adalci. Ba duk wanda ya matsa maka ne mugu ba. Akwai ɗalibin da yake zuwa da girman kai, musamman mai kuɗi ko mai muƙami wanda ya saba a ce masa ranka ya daɗe, ya ga wani yaro ɗan talakawa yana ce masa ya sake. Akwai wanda yake zuwa yau ya yi fashin kwana biyar, ya dawo ya ce ba a koya masa komai ba. Malamin da ya sa ka maimaita ribas sau goma, ko ya ce ba za ka hau babban titi ba sai ka daina duban giya in za ka canja, ko ya daka tsawa sau ɗaya don ka kusa take mai tura baro, aikinsa yake yi. Ma'aunin a ganina shi ne ko bayan ya gyara maka ka san dalilin gyaran, kuma ko abin da kake iyawa da kanka yana ƙaruwa daga mako zuwa mako. Mafi yawan waɗannan malamai kuma abin da ake ba su bai taka kara ya karya ba, suna yini a cikin mota ba iska a zafin Afrilu, rayuwarsu tana hannun wanda bai san birki daga totur ba. Wanda ya samu nagari ya kyautata masa.

Saura batun isa. A makarantar allo ba a ce wa yaro ya wanke sai ya kife allon ya kawo karatun da ka. Haka ya kamata a yi wa tuƙi. Ka samu wanda ya iya mota, mai lasisi, wanda ba shi da riba ko asara a cikin amsar, yayanka ko kawunka ko wani tsohon direba a unguwa, ya zauna a gefe. Ku yi sharaɗi cewa ba abin da zai faɗa sai inda za a je. Ku yi kamar minti arba'in, ba a unguwar da ka saba ba. In ya kai ga buɗe baki ya ce "birki!", ko hannunsa ya kai ga sitiyari ko da sau ɗaya, da saura. In kuka yi haka a ranaku daban-daban har ya fara mantawa da kai yana kallon gari, an kusa.

Tafiyar kuma ta haɗa da wuraren da ake gudu. A Kano wannan yana nufin tsayawa a kan hawan gadar sama cikin cunkoso, a tashi ba tare da mota ta koma baya ta daki na bayanta ba. Yana nufin shiga shataletale da sanin cewa wanda ke ciki, mai zuwa ta hagunka, shi ke da hanya, tare da sanin cewa rabin waɗanda ke wurin ba su yarda da haka ba. Yana nufin ratsa Bata ko bakin Kantin Kwari da yamma, inda Adaidaita Sahu ke shigowa ta dama da hagu. Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano a farkon 2013 'yan Adaidaita Sahu ne suka cika titi, kuma ɗan koyon da bai saba duba madubin gefe da waiwayar kafaɗa kafin ya karya ba, da su zai fara karo. Yana nufin ribas zuwa cikin lungu, da shigar da mota tsakanin motoci biyu. Yana nufin dare, lokacin da na gabanka ya ƙi rage fitila, da ruwan sama, da hazon hunturu da ke rufe hanya. Makarantu kaɗan ne ke fita da ɗalibi bayan magariba, alhali babu wanda zai sayi mota ya ce da rana kawai zai riƙa hawa.

Akwai ɗan lissafin da nake ganin duk wanda bai san shi ba bai isa ba, ko da hannunsa ya fi na kowa laushi. Dokar hanya ta Najeriya ta ba ƙaramar mota kilomita 50 a awa a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya. A gudun 50, mota tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya. Mutum mai lafiya, wanda hankalinsa ke kan titi, yana ɗaukar kimanin daƙiƙa guda kafin ƙafarsa ta kai birki, wato tsawon mota uku ya wuce kafin birkin ya fara aiki. Wanda ya sunkuya duba waya na daƙiƙa uku ya yi mita arba'in a makance. In kuma gudu ya ninka biyu, nisan da birki ke buƙata ba biyu yake ninkawa ba, huɗu ne. Sai wuce babbar mota, wanda shi ne ke cinye mutane a hanyoyinmu masu hannu biyu. A ce tirela tana tafiya a 80, kai kana 100. Kafin ka fito daga bayanta, ka wuce tsawonta, ka koma hannunka da tazara, za ka yi fiye da daƙiƙa goma a hannun da ba naka ba, ka ci kimanin mita 300. Mai zuwa ta gaba shi ma yana cin nasa 300. Ke nan in ba ka hango fili na sama da rabin kilomita ba, ba ka da hurumin fitowa. Malamai nawa ne ke zaunar da ɗalibi su yi masa wannan bayani? Alƙaluman FRSC na 'yan shekarun nan suna nuna mutuwar sama da mutum 5,000 a shekara a titunan ƙasar nan, waɗanda aka kai rahotonsu ke nan, kuma gudu ne ke kan gaba a cikin dalilan da hukumar ke lissafawa.

Don a ga ratar da ke tsakanin darasi 26 da isa ta gaskiya, a Ingila hukumar da ke gwada direbobi tana cewa matsakaicin ɗalibi yana buƙatar kimanin awa 45 tare da malami, da ƙarin awa 22 na gwaji da 'yan'uwa, kuma duk da haka waɗanda ke cin jarrabawar tuƙin kusan rabi ne kawai. Shi kansa malamin sai ya ci jarrabawa kashi uku, ɗaya daga ciki a kan iya koyarwa, kuma dole ya manna shaidarsa a gilashin mota inda ɗalibi zai gani. Wannan a titunan da aka zana wa layi, fitilu suna aiki, shanu ba sa tsallakawa. Ban kawo wannan don in ce komai nasu ya fi namu ba. Direban da ya ƙware a Kano zai iya tuƙi a ko'ina in ya koyi dokar wurin. Na kawo shi ne don wanda ya yi mako biyu yana jin kunyar cewa bai iya ba tukuna ya san cewa ba shi ne mai nauyin kai ba. Kuma darasi 26 ɗin nan mafi ƙaranci ne doka ta sa, ba ta ce duk wanda ya cika su ya gama ba.

Za a ce rai da ajali na Allah ne, kuma haka ne. Amma shari'ar da ta koya mana ƙaddara ita ce ta ɗora wa wanda ya kashe rai bisa kuskure diyya da kaffara, har da azumin wata biyu a jere, kamar yadda ya zo a aya ta 92 ta Suratun Nisa'i. Wannan ga wanda bai yi nufi ba ke nan. Mutumin da ya san bai iya ba, ya ba da na goro aka tsallake masa gwaji, ya ɗebi iyalinsa ya hau hanyar Zariya ranar jajibirin Sallah, ya kamata ya tambayi malamai inda nasa hukuncin ya faɗa. Haka uban da ya miƙa wa ɗan shekara goma sha biyar makulli don a ga ɗansa yana jan mota ranar biki.

Duk abin da na faɗa a sama nauyi ne da aka ɗora wa ɗan koyo saboda waɗanda ya kamata su ɗauka sun sauke. Bai kamata a ce ɗalibi ne zai zama alƙalin malaminsa kuma alƙalin kansa ba, don aikin da aka kafa VIO ya yi ke nan. Gyaran kuma ba ya buƙatar sabuwar doka ko sabuwar hukuma. Tunda kowace takardar shaida tana ɗauke da sunan makarantar da ta ba da ita, kuma kowane lasisi yana da lamba, abu ne mai sauƙi a san ɗaliban wace makaranta ne ke faɗuwa gwaji, a buga sunayen makarantun da sakamakonsu inda mai neman koyo zai gani kafin ya biya. Malamin da ke cikin motar ma a ba shi katin shaida na koyarwa, wanda za a iya karɓewa in ƙorafi ya tabbata a kansa. Sannan kowane ofishin VIO a jiha ya riƙa fitar da adadin waɗanda suka zo gwaji a wata da adadin waɗanda suka faɗi. In aka ga ofishin da wata ya kama ya mutu ba ko mutum ɗaya da ya faɗi, kwamishinan sufuri ya aika a kira shugaban ofishin ya zo ya yi bayani.